Ciwon da ke Jin Kunyar Rana

Malam Sabitu ladan ya sauke ta daga bayan keke,
naɗe cikin tsohuwar darduma kamar jaririya.
Ya ce, "Amfilifayar masallacinmu ce, tana ɗauke numfashi."
Na jona ta. Jar fitila ta buɗe ido,
lasifika ta yi gyaran murya,
na ce "ɗaya, biyu," sai da mai facin tsallaken titi ya waiwayo.
Garau take.

"Da asuba ne kawai," in ji shi.
"Ina tsakiyar kira sai murya ta dawo mini baki,
ba ta ko haura katanga ba.
Sau huɗu layinmu ya makara a mako guda,
ni kuma ake harara a sahu."

Ni na fi son abin da ya mutu murus.
Gawa ba ta musu:
fis ya ƙone, ka gani, ka canja, a ba ka naka.
Amma mai suma ya farfaɗo kafin ka ɗebo ruwa,
ta ina za ka kama shi?

Na fara zargin Nepa, kamar kowa.
Ladan ya ce ƙwan masallaci ko ƙiftawa bai yi ba.
Na murɗe waya kamar mai matse wanki,
na kunna, na kashe, har makunni ya gaji da ni.
Na ɗora mita, allura ta tsaya cak
kamar shaidan da aka saya.
Na bi allo da bayan biro, ƙwas, ƙwas, gida gida,
babu wanda ya amsa laifi.
Ranar Talata, don haushi,
na tuge kafasita biyu da ba su ji ba, ba su gani ba.
Ya ɗauka. Laraba ya dawo, idonsa ja.

Azahar a Ƙofar Mazugal, kwanon shago ya zama tanda.
Uwani mai zoɓo ta ajiye kula a bakin ƙofa,
ƙanƙara na kuka a ciki,
sai abin ya faɗo mini:
ni da rana nake tambayarta,
ita kuwa da sanyin asuba take ciwo.
Ƙarfe ma takurewa yake, kamar tsoho a kan tabarma.

Na sayi ƙanƙarar naira ɗari, na ƙulle a leda biyu,
na kawo mata asuba da hannuna.
Taransifoma, shiru.
Gefen fis, shiru.
Ina kaiwa kan dayod na uku
fitila ta lumshe, ta mutu.
Na janye, na hura da bakina, ta dawo.
Na sake. Ta sake.
Uwani ta ce, "Mai gyara, kai da wa kake dariya?"

A ƙarƙashin gilashi na gan shi:
tsagi, bai kai silin gashi ba,
ya zagaye ƙafar kamar zobe.
Zafi ya rufe bakinsa, sanyi ya buɗe.
Kwana uku ina fatali da manya,
ashe ɓarawon a cikin zaren wando yake.

Ɗigo ɗaya na dalma.
Hayaƙin ƙaro ya miƙe siriri, ya watse.

Daren nan ban yi barcin kirki ba.
Ina kwance a Gwammaja, taga a buɗe,
na ji ya busa makirufo sau biyu, ya fara.
Na san daidai gaɓar da take yankewa.
Na riƙe numfashi a wurin.

Muryar ta taka ɗigon nan nawa, ta wuce,
ta haura katanga, ta bi kan rufin kwano.
Wani ya ja ƙyaure.
Buta ta yi ƙara a gidan maƙwabci.